Daga Ingila zuwa Jamus a Mota: Yadda Ake Shirya Tafiyar Fito ta Dover da Calais

Magidancin da ke zaune a Birtaniya, yana da mota, yana kuma da 'yan'uwa a Beljiyam ko Jamus, ba ya rasa ranar da zai zauna ya yi lissafi. Tikitin jirgin sama na mutum biyar lokacin hutun makaranta, ga kuɗin akwatuna, ga kuma neman motar da za ta ɗauke su idan an sauka. Daga nan sai ya fara tunanin ɗora iyali a motarsa, a haye ruwa daga Dover ta Ingila zuwa Calais ta Faransa, a miƙa. Tunanin yana kan hanya, domin a jirgin fito mota ake saya wa tikiti, ba akwati ba.

Tuƙin kansa ba shi ne aikin ba. Daga Calais zuwa Kolon da ke Jamus kilomita 400 ne da 'yan kai, kusan nisan Kano zuwa Abuja, a kan titi mai kyau. Abin da ke ɓata wannan tafiya kusan kullum takarda ce da ba a nema da wuri ba, ko wadda aka nema bayan wadda ya kamata ta biyo ta. Don haka zan jera matakan nan bisa tsarin da ya kamata a yi su, ina ɗaukar hanyar Landan, Dover, Calais, Brussels, Kolon a matsayin misali. Wanda zai nufi Paris ko Amsterdam zai ga yawancin maganar ta shafe shi.

Mataki na farko: fasfon kowa, wata uku kafin tafiya

Kafin ka buɗe taswira, tara fasfon duk wanda zai shiga motar ka baje su a tebur. A gida ɗaya sai ka samu maigida da fasfon Birtaniya, uwargida da na Najeriya, yara wasu nan wasu can. Kowane fasfo da hukuncinsa.

Izinin zama a Birtaniya ba ya buɗe maka ƙofar Faransa. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato ƙasashe 29 da suka haɗa iyakarsu ta waje suka zama kamar ƙasa ɗaya wajen shige da fice. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana yana bukatar bizar Schengen ko da ya shekara goma a Manchester. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ƙasa da haka kuma kyauta, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardun, irin su TLScontact da VFS Global. Ana iya nema tun saura wata shida. Doka ta ce a ba da amsa cikin kwana 15, amma ana iya ja har kwana 45, kuma samun ranar ganawa da bazara shi ne babban ƙalubale. Shi ya sa na ce wata uku.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne ofishin da suke kai takarda. Ba ƙasar da za ka fara takawa ake nema wa biza ba, ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ce. Idan za ka kwana shida a Kolon, biyu a Brussels, Faransa kuwa wucewa kawai za ka yi, to Jamus ce za ta ba ka biza duk da cewa ɗan sandan Faransa ne zai fara duba ta. Sai idan kwanakin sun zo daidai ne ake komawa ga ƙasar shiga ta farko.

Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, da shaidar aiki ko karatu, da bayanan banki, da shaidar masauki, da ta sufuri. Idan a gidan ɗan'uwa za ka sauka a Jamus, wasiƙar gayyata daga gare shi na taimakawa, idan kuma shi zai ɗauki nauyinka akwai takardar Verpflichtungserklärung da zai karɓo daga ofishin baƙi na garinsu. A Faransa makamanciyarta ita ce attestation d'accueil daga ofishin magajin gari. Tunda a mota za ka tafi, haɗa da tikitin fito, kwafin takardar mota, lasin da inshora, ka kuma rubuta gajeriyar wasiƙa da ke bayyana hanyar da za ka bi rana bayan rana.

Fasfon kansa, na kowace ƙasa ne, dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita daga Schengen. Mai fasfon Birtaniya ba ya bukatar biza, amma kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180.

Sai maganar Hajiya ko Baba da suka zo ziyara daga gida, ana so a kai su su ga jikokinsu na Jamus. A ƙa'ida, mutum yana neman bizar Schengen ne a ƙasar da yake zaune, ba inda ya je baƙunta ba. Idan har akwai wannan niyya, a nemo bizar tun daga gida kafin su taso. Idan kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da yara, ya riƙe wasiƙar amincewar ɗayan da takardun haihuwa, musamman idan sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba.

Mataki na biyu: ta ina za a haye ruwan?

Tsakanin Dover da gaɓar Faransa kilomita 30 ne da kaɗan, shi ya sa nan ne mashigar da ta fi cunkoso. Kamfanoni uku ke fito daga Dover zuwa Calais: P&O Ferries, DFDS da Irish Ferries, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi. DFDS na kuma zuwa Dunkirk cikin awa biyu, kuma ga mai nufin Beljiyam wannan ba asara ba ce, domin Dunkirk ta fi kusa da iyaka.

Akwai kuma ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. A Folkestone kake shigar da motarka cikin jirgin ƙasa na LeShuttle, ka zauna a cikinta, bayan minti 35 ka fito kusa da Calais. Ya fi sauri, iska ba ta dame shi ba, wanda ruwa ke sa wa jiri ma ya huta, sai dai galibi ya fi tsada, kuma ba a yarda da motar da ke aiki da gas ba. Ni dai ga mai iyali na fi son jirgin ruwa, saboda awa ɗaya da rabin nan hutu ne na gaske ga direba: a ci abinci, a yi alwala, yara su miƙe ƙafa.

Wanda ke arewacin Ingila bai kamata ya ɗauka dole sai Dover ba. Daga Hull akwai jirgin dare zuwa Rotterdam, daga Newcastle akwai wani zuwa IJmuiden kusa da Amsterdam, daga Harwich da ke gabashin Ingila kuma Stena Line na zuwa Hoek van Holland. Kuɗinsu ya fi yawa tunda da ɗakin kwana, amma ka cire man da za ka ƙona daga Leeds zuwa Dover, da na Calais zuwa Holan, da kuɗin otal ɗin da wataƙila za ka kama a hanya, sannan ka kwatanta. Sau da yawa bambancin ba ya kai yadda ake zato, kuma direba zai sauka da safe ya yi barcinsa.

Wajen sayen tikiti, abu uku. Na ɗaya, tunda za a nemi tikitin a wurin biza alhali ba ka san ranar da za ta fito ba, sayi irin wanda ake iya canza wa rana. Ƙarin kuɗin nan ya fi asarar tikiti gaba ɗaya sauƙi. Na biyu, faɗi gaskiyar tsawo da tsayin motar, har da akwatin da ka ɗaura a rufi. Na uku, tsakiyar mako da sassafe ko cikin dare sun fi araha da sauƙin layi. Ƙarshen makon da makarantun Ingila ke tashi hutu a watan Yuli, da na Ista, su ne lokutan da Dover ke cushewa.

Mataki na uku: takardun mota

Ka tafi da ainihin takardar mallakar mota ta V5C, ba kwafi ba. Idan motar ta haya ce ko ta kamfani, sai ka nemi takardar VE103 daga masu ita, ka kuma tabbatar sun amince ta bar ƙasa. Duba cewa MOT, wato takardar gwajin lafiyar mota, da harajin mota ba za su ƙare kana can ba.

Cikakken lasin Birtaniya mai hoto ya wadatar a Faransa, Beljiyam, Holan da Jamus. Lasin koyo ba ya aiki a waje. Mai lasin gida kuma ya tuna cewa wata 12 kawai yake da su na tuƙi da shi a Birtaniya daga ranar da ya zama mazauni, bayan haka inshorarsa ma tana cikin haɗari, balle a ce ya ƙetare ruwa da shi.

Tun watan Agustan 2021 ba a bukatar koren katin inshora don shiga Tarayyar Turai da motar Birtaniya. Amma a nan akwai tarko. Abin da doka ta tabbatar maka a can shi ne mafi ƙarancin inshora, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba gyaran taka motar ba. Kira kamfaninka ka tambaye su ƙarara ko cikakkiyar inshorarka na bin ka zuwa Turai, kuma har kwana nawa. Idan ku biyu ne za ku riƙa karɓar tuƙi, sunan kowa ya kasance a ciki.

Sannan ka sayi inshorar ɗauki idan mota ta lalace a Turai, wadda ta haɗa da dawo da motar gida. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Mota ta mutu a gefen titi a Liège ta Beljiyam da yara uku a baya, ba ka jin Faransanci, wannan lambar waya ita ce gatanka.

Tun 28 ga Satumba 2021 alamar ƙasa ta koma UK, tsohuwar GB ta daina aiki. Idan lambar motarka na ɗauke da UK da tutar Birtaniya, ya isa a ƙasashen da ke kan hanyarmu. Idan babu, manna sitika a baya. Sifaniya kam tana son sitikar ko yaya lambar take.

Mataki na huɗu: birane masu dokar hayaƙi

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, kuma tararsa ba a hanya take samun mutum ba, a wasiƙa take iske shi bayan ya manta ma ya yi tafiya. Ƙasashe uku, tsari uku.

A Jamus sitika ce koriya, Umweltplakette, da ake mannawa a gilashin gaba. Kolon, Berlin, Frankfurt, Munich da Düsseldorf duk suna bukatarta, kuma shiga ba tare da ita ba tarar Yuro 100 ce ko da motarka sabuwa ce fil. Ana iya oda ta intanet kafin tafiya, ko a tsaya a cibiyar duba motoci ta TÜV ko DEKRA da V5C a hannu a saya nan take. Idan ranar Lahadi za ka isa, ka tuna a rufe suke.

A Beljiyam babu sitika, kyamara ce ke karanta lamba. Brussels, Antwerp da Gent suna da yankunan da aka taƙaita hayaƙi, kuma motar Birtaniya sai an yi mata rajista a shafin hukuma, kyauta. Rajistar Brussels daban take da ta sauran biyun. Tsohuwar motar dizal na iya zama ba ta cancanci shiga ba sam, shafin zai gaya maka idan ka sa bayananta. In haka ne, ajiye ta a wajen gari ka shiga jirgin ƙasa.

A Faransa sitikar Crit'Air ce, ga mai shiga irin su Paris, Lyon da Strasbourg. Kuɗinta wajen Yuro 5 ne a shafin gwamnati, certificat-air.gouv.fr, amma akwai shafukan 'yan tsakiya da ke ninka kuɗin sau da yawa. Ta gidan waya take zuwa, don haka a neme ta da makonni. Wanda zai sauka Calais ya miƙe zuwa Beljiyam ta bakin teku ba zai ratsa waɗannan birane ba.

Idan tafiyar za ta zarce kudu, Suwizalan da Ostiriya suna karɓar kuɗin babban titi ta hanyar sitika ko rajistar lamba. Ta Suwizalan faran 40 ce, ta shekara guda, ko da kwana ɗaya za ka yi. Da sanyi kuma Jamus na wajabta tayoyin hunturu duk lokacin da akwai ƙanƙara a titi, yankunan tsaunukan Faransa kuma suna neman tayoyin ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Mataki na biyar: abin da ke shiga but da abin da ke zama a gida

Kayan doka ba su da yawa: alamar gargaɗi mai kusurwa uku, riga mai ƙyalli, wadda ya fi kyau kowa ya samu tasa kuma a ajiye su cikin mota inda hannu zai kai kafin a fita, da ɗan akwatin taimakon gaggawa. Fitilun motar Birtaniya an saita su ne don tuƙin hagu, a Turai suna kashe wa mai tahowa ido, don haka a manna musu 'yar takardar da ke karkatar da haske, ko a canza saitin idan motar na da shi. Na'urar da ke gano kyamarar gudu haramun ce a Faransa, tararta na kaiwa Yuro 1,500. Kujerar yara kuma a duba: a Jamus yaron da bai kai shekara 12 ba kuma bai kai santimita 150 ba dole ya zauna a kujerarsa, alhali a Birtaniya iyakar santimita 135 ce. Yaron da ya yi sallama da kujerar a gida na iya komawa kanta na mako guda.

Yanzu tsaraba, kuma a nan zan daɗe kaɗan don na san halinmu. Ba a zuwa gidan ɗan'uwa hannu rabbana. Amma tun watan Janairun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, har burodin da aka sa wa nama don guzuri, duk suna cikin hanin. Madarar jarirai da abincin da likita ya wajabta an yi musu rangwame har kilo 2. Ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu ma yawancinsu sai da takardar lafiyar tsirrai, amma dabino, ayaba, kwakwa da abarba an keɓe su, ana wucewa da su. Cewa wane ya wuce da kilishi ba a duba shi ba bai mai da abin halal ba, kuma ranar da aka buɗe but ɗinka, kayan da tara duka a kanka suke. Turare, atamfa, shadda, littattafai da kayan yara ba su da wannan matsala.

Haka saƙo. Da zarar an ji za ka tafi a mota, za a fara kawo ƙunshi a kai wa wane a Brussels. Karɓa ba laifi, zumunci ne, amma kowane ƙunshi a buɗe shi a gabanka ka ga abin da ke ciki. A wurin kwastan, abin da ke cikin motarka naka ne. Kuɗi a hannu kuma, idan sun kai Yuro 10,000, dole a bayyana su wajen shiga ko fita daga Tarayyar.

Kada a manta buta ko gorar ruwa, dardumar sallah, magungunan da ake sha kullum a cikin kwalinsu, da katin GHIC ga mazauna Birtaniya, wanda kyauta ake samunsa daga hukumar lafiya ta NHS kuma yana ba da damar jinya a asibitin gwamnati a ƙasashen Tarayyar. Ba ya maye gurbin inshorar tafiya. Ka tambayi kamfanin wayarka kuɗin amfani da layi a Turai, ka kuma sauke taswirar hanya a waya tun a gida.

Mataki na shida: ranar fito

Daga Landan zuwa Dover kilomita 120 ne da ɗoriya ta babban titin M20 ko M2. Wanda ya biyo ta mashigar Dartford a kan M25 ya tuna babu shingen biya a wurin, ta intanet ake biya kafin sha biyun daren washegari. Biya tun kafin ka tashi, don idan ka haye ruwa mantawa za ka yi.

Ka isa tashar aƙalla awa ɗaya kafin tashin jirgi, lokacin hutu kuma awa biyu. A Dover ɗin ne 'yan sandan iyakar Faransa ke duba fasfo, bisa yarjejeniyar Le Touquet ta 2003, wato kana ƙasar Ingila amma ka riga ka shiga Schengen. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara aiki da sabon tsarin EES, wanda ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun matafiyan da ba 'yan Tarayyar ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsu. Karon farko na cin lokaci, a sa shi cikin lissafi. Fasfo, tikiti da adireshin masauki su kasance a hannun wanda ke gaba, ba a ƙasan akwati ba.

Bayan an duba tikiti za a ba ka lambar layi ka rataya a madubi. Cikin jirgi ka bi hannun ma'aikata, ka matsa kusa da motar gabanka yadda suka nuna, ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka kashe ƙararrawar ɓarayi don girgizar ruwa na tayar da ita. Ɗauki duk abin da za ku bukata, domin ba a komawa wurin motoci sai an iso. Ka ɗauki hoton lambar benen da launin matakalar da kuka hau. Mai jiri ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa, direba kuma ya guji maganin jirin da ke sa barci.

Agogon Faransa na gaba da na Ingila da awa ɗaya, kuma lokacin da ke kan tikitin dawowa na Faransa ne.

Mataki na bakwai: hannun dama da sitiyarin dama

Wanda ya koyi mota a gida ba baƙon tuƙin dama ba ne, tunda Najeriya ta koma dama tun 1972, Nijar kuwa dama can a dama take. Sabon abin shi ne sitiyarin yana gefen da bai dace ba. Kai ne a bakin titi, fasinjanka ne a tsakiya. A babban titi wannan ba komai, amma a ƙaramin titi mai hannu biyu ba ka ganin gaban babbar motar da kake bi. Shawarata kada ka wuce ta sam sai titi ya buɗe.

Haɗarin ba a minti goman farko yake ba, lokacin hankalinka a tashe yake. Yana zuwa ne washegari da safe, ko wajen fitowa daga gidan mai zuwa titin da babu kowa, inda hannu ke komawa ga abin da ya saba. Ka ɗora wa na kusa da kai aikin cewa "dama" duk lokacin da za a tashi. A shataletale ana zagayawa ne ta dama, ana ba na hagu hanya.

Akwai doka ɗaya da ba a san ta a Birtaniya ba: a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da lungu ya fito. Tana aiki a Faransa, Beljiyam, Holan da Jamus, musamman cikin unguwanni. Alama mai siffar lu'ulu'u, rawaya da farin baki, ita ke nuna titinka ne ke da fifiko. Idan ka ga an ja mata baƙin layi, fifikon ya ƙare.

Gudu da kilomita ake auna shi. Babban titin Faransa 130 ne, wato mil 80, idan ana ruwa 110. Beljiyam 120. Holan 100 da rana a yawancin hanyoyi. A Jamus akwai sassan da ba iyaka, amma shawarar hukuma 130 ce, kuma mota cike da iyali da kaya ba ta da abin nema a layin hagu. Allon sunan gari shi kansa yana nufin ka sauko 50, Brussels da Paris kuwa 30 ne a yawancin tituna. Idan cunkoso ya tsaya a babban titin Jamus, na layin hagu ya matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar tsakiya don motar asibiti. Wajibi ne, ba kara ba. Lambar gaggawa a duk ƙasashen 112 ce.

Hanyar kanta

Daga Calais ka hau A16 ka nufi Dunkirk. Lambar da za ka riƙe ita ce E40, wadda za ta kai ka kusa da Brugge, ta Gent, ta Brussels, ta Liège, har Aachen, daga nan A4 ta shigar da kai Kolon. Babu kuɗin titi ko ɗaya a wannan hanya ga ƙaramar mota. Wanda ya nufi Paris ne zai gamu da shingen biya, kuma na'urar tana gefen fasinja, don haka katin banki ya kasance a hannunsa. A kan A13 ta Normandy an cire shingen, kyamara ce, ana biya ta intanet cikin awa 72.

Allunan Beljiyam na canza harshe gwargwadon yankin da kake. Liège ita ce Luik, ita ce kuma Lüttich idan ka fito daga Jamus. Aachen na zama Aken ko Aix-la-Chapelle, Lille kuma Rijsel. Bi lambar titi, ita ba ta canzawa. Titin da ya kewaye Brussels yana cushewa safe da yamma, ka tsara wucewa tsakanin ƙarfe goma da uku. Kuma ko da yake babu shinge tsakanin ƙasashen, Jamus ta dawo da binciken iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024, ana iya tsayar da kai kusa da Aachen a nemi fasfo.

A gidan mai, gazole a Faransa dizal ne, essence ko SP95 fetur. Alamar da ba ta ruɗi ita ce siffa: da'ira mai E5 ko E10 fetur, murabba'i mai B7 dizal. Man manyan kantuna irin su Carrefour da Leclerc ya fi na bakin babban titi araha. Lissafin mai ba wuya: Landan zuwa Kolon da dawowa ya ɗan haura kilomita 1,000 na tuƙi, motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta bukaci lita 75 ko kusa, ban da yawon cikin gari. Idan na'urar kati ta tambaye ka Fam ko Yuro, zaɓi Yuro, canjin bankinka ya fi nata. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi, bayan gida a tashoshin hutun Jamus da Beljiyam na kuɗi ne.

Tafiyar ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi na haɗa salla yana da amfani a nan. Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take. Da bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, don haka ka duba lokutan garin da kake, kada ka bi na gida. Mai son Juma'a a hanya, akwai Babban Masallacin Brussels a lambun Cinquantenaire, da babban masallacin Kolon a unguwar Ehrenfeld. Abincin halal ba ya wuya a biranen nan saboda yawan Turkawa da 'yan Maroko, a tashoshin babban titi ne ake shan wahala. A kan kwali ka kula da porc, jambon da lardons a Faransanci, varken a harshen Holan, Schwein, Schinken da Speck a Jamusanci. Kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, a yi cefane tun Asabar.

A huta duk bayan awa biyu. Idan daga Birmingham ko Manchester aka taso da direba ɗaya, a kwana a Brugge ko Gent a ƙarasa da safe.

Dawowa

Tun kafin ka bar gida ka shiga asusunka na UKVI, hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya, ka tabbatar izinin zamanka na intanet yana haɗe da fasfon da ke hannunka yanzu. Katin izinin zama na BRP ya ƙare tun ƙarshen 2024, kuma wanda ya sabunta fasfo bai sanar ba zai sha tambayoyi a Calais, inda jami'an Birtaniya ke nasu binciken kafin a hau jirgi.

Hanin nama ya zama ta fuska biyu. Tun Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da naman shanu, tumaki da awaki da kayan madara daga Tarayyar Turai saboda cutar dabbobi, don haka cukun da aka ba ka a Kolon a cinye shi a can. Sauran kayan da ka saya, idan darajarsu ta wuce Fam 390 ga mutum ɗaya, sai an bayyana su.

Kusa da Calais da Dunkirk kada ka bar mota a buɗe, musamman babba ko mai tirela. Dokar Birtaniya na cin direba tarar da ta kai Fam 10,000 kan kowane mutum da aka samu ya ɓuya a motarsa, ko bai sani ba. Ka yi tsayawarka ta ƙarshe tun cikin Beljiyam, ka duba but da akwatin rufi, ka kulle, sannan ka miƙe har tashar. Idan ka sauka Dover, ka cire takardar da ka manna wa fitilu, na kusa da kai kuma ya koma cewa "hagu" har ku hau M20.